Maƙwabciyarmu ta shafa wa 'yata man Mar Mina

Tambaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina zaune da iyalina a gidan haya. A ƙasanmu akwai wata dattijuwa Bakibɗiya, Kirista, wadda tun zuwanmu ta riƙe maiɗakina kamar 'yar da ta haifa. Ita ce ma ta kwana da ita a asibiti ranar haihuwa. Mako uku da suka wuce 'yarmu mai shekara biyu ta kamu da ciwon nimoniya, zazzaɓi ya ƙi sauka. Likita ya rubuta magani, muka fara ba ta. A dare na uku, ba na gida, sai dattijuwar ta hawo da wata 'yar kwalbar mai da ta samo daga gidan ruhubanawa na Mar Mina, wani waliyyin Kiristocin Masar, da ke kusa da Iskandariyya, ta shafa wa yarinyar a goshi da ƙirji tana cewa, "Ya Mar Mina, ka warkar da ita." Maiɗakina ta ce zuciyarta ta ƙi abin, amma nauyin matar ya hana ta magana, sai ta yi shiru. Da asuba zazzaɓi ya sauka. Kwalbar tana nan a wurinmu, da wani ɗan kati mai hotonsa da garin turare a maƙale.

Na faɗa wa abokaina biyu. Ɗaya ya ce maiɗakina ta yi ridda, aurenmu ya warware. Ɗayan ya ce Mar Mina an kashe shi ne kusan shekara 300 kafin aiko Annabi (SAW) saboda ya ƙi bautar gumakan Rumawa, don haka shi kamar Ashabul Ukhdudi ne, waliyyin Allah ne, kuma Imamu Nawawi da Ibn Hajar sun halatta neman tabarruki da kayan salihai, saboda haka babu laifi, har ma ya kamata mu je can mu yi godiya. Ni kuwa gaskiya, Malam, tun da yarinyar ta warke nake jin wani abu game da kwalbar nan, na kasa zubar da ita. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya raya muku ita bisa Musulunci.

Ɗana, bari in fara da abin da na san shi ne ya hana ka barci. Aurenka yana nan daram, ba ya bukatar a sake ɗaura shi. Kiran mamaci a ce masa ya warkar shirka ce babba, wannan a fili yake. Amma wa ya yi kiran? Dattijuwar ce, bisa addininta. Hukuncin matarka ya rataya ne a kan abu biyu da kai da kanka ka rubuta, wato zuciyarta ta ƙi, bakinta kuma bai furta komai ba. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ce ridda ita ce Musulmi ya kafirta da magana bayyananna, ko lafazin da ke hukunta kafirci, ko aikin da ya ƙunshe shi. A cikin ukun nan wanne ta yi? Uwa ce da ta kwana uku ba ta runtsa ba, 'yarta na numfashi da ƙyar, ga tsohuwar da ta zame mata uwa a baƙon gari, sai kunya da ruɗewa suka ɗaure mata harshe. Ta gaza wajen hana abin da take da ikon hanawa, wannan kuwa istigfari yake bukata, ta kuma ƙudurta ba za ta sake bari ba. Abokinka da ya yi gaggawar raba aure ya ji tsoron Allah. Fitar da Musulma daga addini da rushe gidan mutum ba abin da ake yanke hukuncinsa ba ne a hirar bayan darasi.

Irin wannan ya taɓa faruwa a gidan da ya fi naka. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ga wani zare a wuyan matarsa Zainab, ta ce masa an yi mata tofi ne a ciki. Ya tsinke shi, ya ce iyalin Abdullahi sun wadatu daga shirka. Ba ta yi shiru ba, ta kawo hujjarta: ta ce idonta yana ciwo, tana zuwa wurin wani Bayahude yana yi mata tofi, kuma da ya yi sai ya lafa. Ya ce mata wannan aikin Shaiɗan ne, shi ke tsokanar idon, idan an yi tofin sai ya janye. Sannan ya koya mata addu'ar Annabi (SAW): "Azhibil ba'sa Rabban nas, ishfi antash Shafi, la shifa'a illa shifa'uka, shifa'an la yugadiru saƙama." Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito shi. Ka lura, ita da ƙafarta take zuwa, duk da haka bai ce mata ki tafi gidanku ba. Ya cire zaren, ya karantar da ita, zama ya ci gaba. Kai ma haka za ka yi. Kada ka mayar da daren nan abin gori, kada ka tsare ta da tambayoyi kamar alƙali. Ka tuna a wannan daren ita kaɗai ka bari da marar lafiya.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne layinka na ƙarshe, inda ka ce ka kasa zubar da kwalbar. Matarka zuciyarta ta ƙi tun a wurin, kai kuwa taka ta fara karkata bayan mako uku. Don haka ciwon da ya kamata a yi wa magani yanzu a wurinka yake. Ka sake karanta abin da ka rubuta: likita ya ba da magani, kuna ba ta, a dare na uku aka shafa mai, da asuba zazzaɓi ya sauka. Ka tambayi duk likitan da ka ga dama, zai gaya maka maganin kashe ƙwayoyin cuta a irin wannan ciwo yakan fara nuna aikinsa ne bayan kwana biyu zuwa uku. Allah ne ya warkar, ta hanyar sababin da ya halatta, man kuma ya zo ya tarar da lokacin. Ko da ma babu wani magani, samun biyan bukata bai taɓa zama hujjar halaccin hanya ba. Mai zuwa wurin boka ma wata rana yakan dace. Ina kuma fatan kun ƙarasa mata maganin har adadin kwanakin da aka rubuta, ba ku tsayar ba don ganin ta miƙe. Idan kun tsayar, ku koma wurin likitan.

Yanzu sai maganar abokinka na biyu, wadda ta fi ta farkon haɗari saboda tana sanye da rigar ilimi. Ya gina ta a kan ginshiƙi biyu: cewa Mar Mina mai tauhidi ne, da cewa ana neman albarka da kayan salihai.

A ginshiƙi na farko akwai gaskiyar da ba zan tauye ba. Tsakanin Annabi Isa (AS) da Annabinmu (SAW) an yi bayin Allah da suka riƙe tauhidi har aka zubar da jininsu, kuma waɗannan 'yan'uwanmu ne a imani. Suratul Buruj tana yabon wasunsu, hadisin yaro da sarki yana cikin Sahihu Muslim. Azabar da Rumawa suka gana wa mabiya Isa ma tarihi ne tabbatacce. Sarki Dikladiyanus ya hau mulki a shekarar 284, a 303 ya kaddamar da ƙuntatawa mafi muni: a rushe majami'u, a ƙona littattafai, wanda ya ƙi yin hadaya ga gumaka a azabtar da shi ko a kashe shi. Masar ta ɗanɗana kuɗarta sosai, har Kibɗawa suka mayar da 284 farkon lissafin kalandarsu, suna kiranta kalandar shahidai. Ka tambayi dattijuwar taku shekara ta nawa ake ciki a lissafinsu, za ta gaya maka. A wannan zamanin suke cewa an kashe Mina, wanda suka ce sojan Rum ne ɗan Masar. Mutumin da aka sa masa takobi a wuya aka ce ya durƙusa wa gunki ya ƙi, ba na raina shi, kuma ba na so ka raina shi.

Sai dai ƙin bautar gunkin Rumawa daban, tsarkake Allah daga ɗa daban. Da yawa cikin ɗalibai suna ɗauka cewa duk Kiristan da ya mutu kafin taron manyan limaman Kirista da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325 mai tauhidi ne, wai a can aka fara allantar da Isa. Ba haka ba ne. Akwai wasiƙar da Kiristocin Simirna, wato Izmir ta Turkiyya a yau, suka rubuta kan kisan shugabansu Polikarp wajajen shekarar 155. A ciki suka faɗa da bakinsu cewa Almasihu suna bauta masa ne a matsayin ɗan Allah, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi a matsayin almajiransa. Wannan shekara 170 ke nan kafin Nikiya. To, a kan wace aƙida Mina ya mutu? Ba mu da isnadi, ba mu da nassi. Abin da ke akwai labarai ne da mabiyansa suka rubuta bayan zamaninsa, irin na raƙumin da ya ɗauko gawarsa ya durƙusa a hamadar Maryut ya ƙi tashi, aka binne shi a nan. Annabi (SAW) ya ce kada mu gaskata Ma'abota Littafi, kada kuma mu ƙaryata su. Saboda haka ba ma yanke masa wuta, ba ma yanke masa walittaka, lamarinsa yana wurin Ubangijinsa. Wanda ba ka iya tabbatar da imaninsa ba, ta yaya za ka tabbatar da albarkar ƙashinsa, balle ta man da aka ce ya kusanci ƙashin?

Amma bari in sallama wa abokinka. Mu ƙaddara Mina waliyyi ne, shahidi ne, babu kokwanto. Shin sai a shafa man kabarinsa? A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne saɓanin gaske yake.

Gaskiya ne Imamu Nawawi a sharhin Muslim, da Hafiz Ibn Hajar a Fat'hul Bari, idan suka zo kan hadisan da sahabbai suka nemi albarka da gashin Annabi (SAW) ko guminsa ko ruwan alwalarsa, sukan ce a cikin wannan akwai halaccin tabarruki da kayan salihai. Manyan malamai ne, takalmansu sun fi ƙarfin kanmu, kuma ba na zargin wanda ya bi su da shirka. Amma maganarsu kiyasi ce: sun auna salihi a kan Annabi. Kiyasin nan kuwa waɗanda suka fi kowa sanin Annabi da salihai ba su yi shi ba. Imamu Shaɗibi, malaminmu na Malikiyya ɗan Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, ya tsaya a kan wannan a cikin Al-I'itisam. Ya ce bayan wafatin Annabi (SAW) ba a samu sahabbai sun yi wa wanda ya gaje shi irin wannan ba. Bai bar wa al'umma wanda ya fi Abubakar ba, ba a yi masa ba. Haka Umar, haka Usman, haka Ali. Ya ce wannan kamar ijma'i ne daga gare su a kan barin abin, ko dai don sun fahimci keɓantaccen abu ne ga annabci, ko don toshe ƙofar wuce iyaka.

Ka ɗauki hadisin da masu halattawa suka fi so. Asma'u ta fito da jabbar Annabi (SAW) ta ce suna wanke ta su ba marasa lafiya ruwan don neman waraka, yana cikin Muslim. Wace ce Asma'u? 'Yar Abubakar Siddiƙu ce. Rigunan mahaifinta sun fi kusa da hannunta fiye da jabbar da sai da A'isha ta rasu sannan ta karɓo. Ba a taɓa ruwaito ta jiƙa rigar babanta ta ba wani ya sha ba, alhali shi ne mafificin wanda rana ta fito a kansa bayan annabawa. Ummu Salama ma gashin Annabi (SAW) ta adana a ɗan ƙoƙon azurfa, ba na mijinta Abu Salama ba, duk da irin son da take masa da irin matsayinsa. Da abin yana tsallakawa daga Annabi zuwa salihi, da matan nan ne farkon masu tsallakar da shi. Rigar Yusuf da aka jefa a fuskar Yaƙub da akwatin Bani Isra'ila mai ɗauke da sauran kayan iyalin Musa da Haruna, duka na annabawa ne, ba su fita daga wannan da'irar ba.

Wani zai ce ai a Suratul Kahfi an ce za a gina masallaci a kan samarin kogo. Ka duba wa ya faɗa. Alƙur'ani ya ce waɗanda suka rinjaya a kan al'amarinsu ne, wato masu ƙarfi da mulki. Bai ce malamansu ko salihansu ba, kuma ya ba da labari ne bai yaba ba. Wanda aka saukar wa surar shi ne ya yi mana fassarar aikin. A ciwonsa na ajali, da Ummu Salama da Ummu Habiba suka ba shi labarin wata majami'a da suka gani a Habasha da hotunan da ke cikinta, ya ce waɗannan idan mutumin kirki ya mutu a cikinsu sai su gina wurin ibada a kan kabarinsa su zana hotunan nan, su ne mafi sharrin halitta a wurin Allah. Ka riƙe kalmar "mutumin kirki". Bai musa kirkin mamacin ba, aikin masu rai ya zarga. Wannan hadisin kamar a kan katin da ke ɗakinka aka faɗe shi.

Abin da ya fi gamsar da ni, duk da haka, shi ne sahabbai sun ci karo da ainihin mas'alarka, ba makamanciyarta ba. Da aka ci garin Tustar na ƙasar Farisa a zamanin Umar, Abul Aliya, ɗaya daga cikin tabi'ai, ya ce sun tarar da gawar wani mutum a kan gado a taskar Hurmuzan, shugaban Farisawan wurin, babu abin da ya sauya a jikinsa sai 'yan gashi a ƙeya. Mutanen garin idan fari ya same su sai su fito da gadon, a yi musu ruwa. Ana ce masa Daniyal, wato ana zaton Annabi Daniyal ne, an ce ya shekara 300 da mutuwa. Me suka yi? Suka haƙa kabari goma sha uku a warwatse da rana, da dare ya yi suka binne shi a ɗaya, suka baje su duka don kada mutane su gane su tono shi. Ibn Kasir ya ce isnadin ingantacce ne har zuwa Abul Aliya, ya ƙara da cewa idan lissafin shekara 300 ɗin daidai ne, to ba annabi ba ne, wani salihin bawa ne, tunda babu annabi tsakanin Isa da Muhammadu (SAW). Ka ga ke nan: salihi daga mutanen da suka gabata, wanda ya yi kusa da zamanin Mina, gawa ba ta ruɓe ba, ga mutane suna shaidar ana biya musu bukata. Duk hujjojin abokinka sun taru a wuri ɗaya, har da ƙari. Sahabbai suka ɓatar da kabarin.

Su kansu Ashabul Ukhdudi da abokinka ya kafa hujja da su, Ibn Is'haƙ ya kawo cewa a zamanin Umar wani mutumin Najran yana haƙa a wani kango sai ya tarar da gawar jagoransu Abdullahi ɗan Samir a zaune, hannunsa a kan saran da ke kansa, da zobe an rubuta "Ubangijina Allah". Aka rubuta wa Umar, ya ce a bar shi yadda yake a mayar da ƙasa. Labarin sira ne, ba na kafa hukunci a kansa shi kaɗai, amma ya dace da wanda ke cikin Muwaɗɗa: ambaliya ta buɗe kabarin Amru ɗan Jamuh da Abdullahi ɗan Amru, shahidan Uhudu, bayan shekara 46, aka same su kamar jiya suka rasu. Aka sauya musu wuri aka rufe. Ba wanda ya yanki ƙyallen likkafani, ba wanda ya ɗebi ƙasa ya kai gida. Waɗannan kuwa shahidai ne da Annabi (SAW) da kansa ya yi musu shaida.

Ko a kan ra'ayin masu halattawa ma, abokinka bai tsira ba. Nawawi da Ibn Hajar suna magana ne a kan Musulmi salihi sananne, a taɓa rigarsa ko a sha ragowar ruwansa, ana roƙon Allah shi kaɗai. Ba su ce a karɓi man da aka keɓe a wurin ibadar wani addini, aka shafa shi da kiran sunan wanin Allah ba. Wanda ya jingina musu wannan ya zalunce su. Kuma kada ka ɗauka wannan tsanani ne na wani ɓangare guda. Shaihu Ahmad Zarruƙ, Basufi ne Bamalike, ya lissafa shafar kabari cikin bidi'o'i ya ce aikin Nasara ne, ya hana shafa ruwan da ke kansa da ɗibar ƙasarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi shi a kan haka a Ihya'us Sunna. Ina faɗin wannan ne don idan ka dawo gida ka ga ana ƙulla ƙasar kabarin wani bawan Allah a leda, ka san hukuncin bai sauya ba don mai kabarin namu ne.

Tarihin su kansu Kiristocin ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa aka toshe ƙofar tun daga nesa. Mutanen Simirna da suka tsince ƙasusuwan Polikarp daga toka sun ce sun fi musu duwatsu masu daraja da zinariya, suka ajiye su don su riƙa taruwa duk shekara suna tuna shi, kuma suka musanta cewa za su bauta masa. Ƙauna ce ta fara, irin wadda kowa zai fahimta. A shekarar 386 sai ga Ambros, babban limamin Milan, ya tono ƙasusuwan shahidai biyu ya kai su ƙarƙashin bagaden sabuwar majami'arsa. Wajajen shekarar 400 wani limaminsu mai suna Bijilantiyus ya tashi ya ce sumbatar ƙasusuwa da kunna musu kyandir al'adar masu bautar gumaka ce ta shigo, Jerom, wani babban malaminsu, ya yi masa raddi mai zafi, maganar Bijilantiyus ta bi iska. A taron Nikiya na biyu, shekarar 787, aka mayar da abin doka, kada a keɓe majami'a sai da wani abu na shahidi a cikinta. Kabarin Mina ya zama gari guda a hamada, kimanin kilomita 50 daga Iskandariyya, mahajjatansa suna komawa da 'yan tuluna na yumɓu masu hotonsa tsakanin raƙuma biyu, cike da mai ko ruwa, har a ƙasashen Turai an tono irinsu. Kwalbar da ke ɗakinka jikanyar waɗannan tulunan ce. Ana raba gawar mutum ɗaya gunduwa-gunduwa tsakanin garuruwa, alhali a wurinmu karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai.

Na taɓa shiga wata tsohuwar majami'a a Tsohuwar Alƙahira. Ƙasusuwan suna cikin wani bututu kamar guntun turmi, an naɗe shi da jan karammiski, an sa a akwatin gilashi. Mutane suna ɗora tafin hannu su sumbata, suna cusa 'yan takardu masu ɗauke da bukatunsu ta gefen gilashin. Garin turaren da ke katinka, wanda suke kira hanuɗ, a kan irin wannan bututun ake shafa shi ranar bikin waliyyin, sannan a rarraba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata mata da lulluɓinta irin na Musulmi, da yaro a kafaɗa, tana kuka tana rubuta tata takardar. Ban ji haushinta ba, tausayinta na ji, domin ciwon ɗa ne ya kai ta, kamar yadda ya kusa kai ka.

To, ga abin da za ka yi. Man a karan kansa ba najasa ba ne, jikin yarinya da tufafinta tsarkakakku ne, babu wani wanka ko kaffara a kanku. Da man zaitun ne ta sayo a kanti ta kawo don a murza mata ƙirji, da na ce ku karɓa ku gode, kyautar wanda ba Musulmi ba halal ce. Amma wannan an kawo shi ne don albarkar mamaci, saboda haka bai halatta ku sake shafawa ba, bai halatta ku ajiye shi don ko-ta-kwana ba. Kwalbar da katin su bar ɗakinka yau, kafin ka kwanta. Zuwa can da niyyar godiya ko cika alwashi haramun ne. Shiga majami'a don ganin tarihi malamai sun yi saɓani, Umar ya ƙi shiga saboda hotunan da ke ciki, kai kuwa a halin da zuciyarka take yanzu na hana ka. Haka bukukuwan waliyyansu da za ka ga wasu Musulmin Masar suna cika, kamar na Mar Girgis a Mit Damsis, ka nisance su, da naman da aka yanka don cika alwashin waliyyi.

Dattijuwar kuma, ina yi maka wasiyya da ita. Kada ka jefa kwalbar a kwandon sharar da za ta gani, kada ka zagi Mina a gabanta ko a bayan idonta, Alƙur'ani ya hana mu zagin abin da wasu suke kira. Abin da ta fi ƙauna a duniya ta ɗauko ta hau bene da shi cikin dare saboda 'yarka. Annabi (SAW) ya ce za ku ci Masar, ku kyautata wa mutanenta domin suna da alƙawari da zumunci, ta wajen Hajara mahaifiyar Isma'il da Mariya mahaifiyar Ibrahim. Abin da na fi so shi ne ku sauka ku biyu, kai da maiɗakinka, da 'yar tsaraba a hannu da yarinyar a goye. Ku gode mata kan dawainiyarta tun daga ranar haihuwa. Sannan ka miƙa mata kwalbarta da katinta da hannu biyu, ka ce mata: Mama, mun san ƙauna ce ta sa, amma mu a addininmu ba ma roƙon waraka sai wurin Allah kai tsaye, ko Annabinmu ba ma ce masa ya warkar. Kibɗawa sun shekara fiye da 1,300 suna maƙwabtaka da Musulmi, maganar ba za ta zame mata baƙuwa ba. Idan ka ga mayarwar za ta karya mata zuciya ƙwarai, ka zubar da man a ƙasa inda ba ta gani, amma bayanin dole ne a yi shi, domin yara ba sa daina ciwo, kuma za ta sake hawowa.

Maiɗakinka ta haddace addu'ar da Ibn Mas'ud ya koya wa Zainab, da Falaƙi da Nasi, da "U'izuki bi kalimatillahit tamma, min kulli shaiɗanin wa hamma, wa min kulli ainin lamma", irin wadda Annabi (SAW) yake nema wa Hasan da Husaini tsari da ita. Ku riƙa yi wa yarinyar safe da yamma. Idan kana son yin godiya kan warakar, ka yi sadaka gwargwadon ƙarfin aljihun ɗalibi, ko da abincin mutum ɗaya ne. Abokanka biyu kuma ka nuna musu wannan amsar, ka roƙe su maganar ta tsaya a tsakaninku, kada ta zaga cikin ɗalibai har ta dawo kunnen matarka.

Allah ne mafi sani.